Cin rani

Cin rani shi ne mutum ya bar gida bayan an gama girbi, ya tafi wani gari ko wata ƙasa neman kuɗi, sannan ya dawo kafin damina ta sauka. An fi sanin al'adar a ƙasar Hausa, wato arewacin Najeriya da kudancin Nijar, amma Zabarmawa da Buzaye da Barebari ma suna yi. Masu tafiyar su ne 'yan cin rani. Galibinsu manoma ne, kuma ko mutum ya shekara ashirin yana zuwa Legas, in ka tambaye shi sana'arsa noma zai ce maka.

Abin da ke fitar da mutane

Damina ɗaya ce a wannan yanki, daga wajen Yuni zuwa Satumba, a arewa kamar wajen Tawa ma ba ta kai haka ba. Da an ɗaure gero an zuba a rumbu, an roro wake, aikin gona ya ƙare sai baɗi, in ba mai fadama ba. Ga wata shida ko bakwai a gaba, ga biki, ga sutura, ga bashin da aka ci da damina.

Lissafin manomi a nan kashi biyu ne, kuma na biyun ne baƙo ba ya gani. Na farko kuɗin da za a samo. Na biyu bakin da aka ɗauke daga kan rumbu. Gidan da samari uku suka tafi, an rage kwano uku safe da dare har tsawon rani, sai hatsin ya kai lokacin noma, lokacin da abinci ke tsada kuma jiki ke buƙatar ƙarfi. Shi ya sa ko wanda ya dawo hannu rabbana ba a ce masa ya yi asara gaba ɗaya. A tsarin gandu kuma, damina ce ta maigida. Abin da saurayi ya samo da rani yawanci nasa ne, da shi yake haɗa lefe ko ya sayi ɗan tinkiya.

Tarihi

Tafiyar rani ta girmi zuwan Turawa. Fatake na bin hanyar Gwanja sayen goro, masu sana'a irin su wanzamai da maƙera da makaɗa na zaga garuruwa, malamai kuma su ɗebi almajirai su yi gabas. Mulkin mallaka ne ya mai da ita neman kuɗin hannu. An ɗora haraji da ake biya da kuɗi, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, ga haƙar kuza a Jos, ga gonakin koko a ƙasar Yarabawa da ta Asante. A ɓangaren Faransa, nauyin haraji da aikin tilas, wanda ba a soke ba sai 1946, sun tura mutane da yawa ƙetara iyaka. Zabarmawa da Adarawa suka riƙa sauka Kurmi, wato kudancin ƙasar Gana ta yanzu, suna dako a kasuwannin Kumasi da Ankara (Accra).

Wani masani ɗan Birtaniya, R. Mansell Prothero, ya nazarci ƙidayar matafiya da aka yi da ranin 1952 zuwa 1953 a hanyoyin fita daga Lardin Sakkwato, inda aka lissafa sama da mutum dubu 250 a rani guda. Ya bambanta masu cin rani na kusa, waɗanda kan tafi har da iyali, da 'yan tuma da gora, samarin da ke yin nisa ba su riƙe da komai sai gorar ruwa.

Rayuwa a zango

Ba kasafai ɗan cin rani ke tafiya da ka ba. Yana bin sawun ɗan garinsu ne, shi ya sa za ka tarar 'yan ƙauye ɗaya sun taru a unguwa ɗaya kuma sana'a ɗaya suke yi. Masauki kuwa shi ne Sabo a Ibadan, Agege ko Idi-Araba a Legas, zango a biranen Gana, inda akwai Sarkin Hausawa da za a kai wa ƙara in rigima ta taso. Mutum takwas ko goma kan haɗa kuɗin ɗaki ɗaya, wasu kuma a rumfar kasuwa ko kangon da suke gadi suke kwana.

Sana'o'in su ne waɗanda ba sa neman jari mai yawa: ga-ruwa, dako, gadi, faskare, yankan farce, wankin takalmi, jari-bola, leburancin gini, tallan rake, acaɓa. Ɗauki mai ga-ruwa. Kurar da yake turawa sau da yawa haya ce, jarkokin ma haka. Da asuba yake kama layi a rijiyar burtsatse, ya sayi ruwan, ya tura shi lungu-lungu, ya hau da jarka biyu har bene na uku. Da yamma ya cire kuɗin haya, ya cire na garau-garau, sauran ya kai ajiya wurin mai shayi ko wani dattijon garinsu. Da can direban mota ko wanda zai koma gida ake ba saƙo. Yanzu ta wurin mai POS ake turawa, a Nijar kuma ta kamfanoni irin su Nita da Al Izza.

Da hadari ya fara haɗuwa, waya za ta yi ta shigowa daga gida: an yi ruwan shuka. Cikin 'yan kwanaki tashoshi su cika, a hau tirela a saman kaya saboda arha, da buhun taki, da atamfa, da rediyo ko sabuwar waya.

Haɗurra

Tirelar nan kanta ta ci rayuka da dama. Sai kuma siyasa, wadda ɗan cin rani ba shi da baki a cikinta amma shi take fara taɓawa. Gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana a 1969, Najeriya ma ta yi irin haka a 1983, duk da yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 da ta ba 'yan yankin damar shiga ƙasashen juna ba biza har kwana 90. Hana acaɓa a sassan Legas a 2020 da 2022 ya raba dubban matasa da abin yi, rikicin kasuwar Shasha a Ibadan a 2021 kuma ya sa wasu suka dawo ba shiri. Hanyar arewa ta fi muni: a watan Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su.

Yadda take sauyawa

Noman rani ya juya akalar wasu. Tun da aka gina madatsun ruwa irin na Tiga da Bakolori a shekarun 1970, akwai masu zuwa Kadawa tsinkar tumatir ko Kebbi yankan shinkafa maimakon su yi kudu. Gano zinariya a Jado, can arewacin Nijar, a 2014 ya ja wasu dubbai zuwa cikin Sahara. Akwai kuma waɗanda shekararsu duka ta zama zagaye: shuka a gida, ƙwadagon noma a wata jiha, girbi, sannan birni.

Babban sauyin dai shi ne dawowar ta fara yin rauni. Gonakin gado sun rarrabu har wani kason bai ciyar da gida wata uku, don haka wasu sai su bar wa ƙane gonar, su riƙa aiko da kuɗin taki. A sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato kuwa, inda 'yan bindiga suka hana zuwa gona ko suke karɓar kuɗi kafin a yi girbi, mutane da yawa da suka fita da niyyar wata biyar sun kwashe iyalansu sun zauna a can.