Da gaske kyanwa ba ta tuna mai ita?

An daɗe ana cewa kyanwa gida ta sani, ba mai gida ba, wai da ka juya baya ta manta da alherinka. Ba a ga laifin masu faɗin haka ba, domin mage ba ta rawar jiki irin ta kare.

Abin da ke saurin gushe mata shi ne na nan take. Ka ɓoye abin wasa a gabanta, ka riƙe ta, kafin minti 1 ta fara rikicewa. Amma abin da ya haɗu da ƙamshi, murya, abinci ko tsoro yana zama daram. Shi ya sa magen da aka taɓa watsa wa ruwan zafi take daɗewa tana ƙin madafa. 'Yar kyanwar da ta saba da hannun mutane tsakanin mako 2 zuwa 7 da haihuwa kuwa, galibi ba ta gudunsu in ta girma.

Gwada da kanka: baƙo ya kira sunanta daga bayan ƙofa, sannan kai ka kira. Kada ka jira ta taso, kunnuwanta za ka duba, can take amsawa.

Don Allah a tura wa masu kiwon mage.