Zubar da ruwan bahon wanka bai isa ya kare shi daga ƙanƙara ba

Masu bahon ruwan zafi da ake girkewa a wajen gida sun daɗe suna ɗauka cewa da zarar an buɗe magudana ruwa ya tsiyaye, shi ke nan, hunturu ba zai yi masa komai ba. Ba haka abin yake ba.

Ruwan da ido ke gani ba shi ne matsalar ba. Ɓarnar tana wajen wanda ya maƙale a bututu, da injin tura ruwa, da hita. Ruwa idan ya daskare girmansa yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100, bututu kuwa ba ya miƙewa. Ɗan ruwan da ya kwanta a gwiwar bututu ya isa ya tsaga shi, kuma ba za a gane ba sai sanyi ya wuce, an cika baho, a ga ƙasa ta jiƙe sharkaf.

Fara da kashe wuta daga babban makunni, don kada hita ta kama babu ruwa ta ƙone. Bayan ruwa ya fita, cire matatar ruwa, kwance mahaɗan injin da hita, sannan ka sa injin zuƙe ruwa a bakin kowane ramin feshi, ɗaya bayan ɗaya. Wannan aikin ne akasari ake tsallakewa, don yana da gajiyarwa.

Maganin hana ruwa daskarewa na mota guba ne, kada ya kusanci baho. In kuwa za ka riƙa shiga lokaci-lokaci, barin bahon a kunne da murfi a rufe ya fi zubarwar rabi da rabi aminci, muddin wuta ba ta yankewa.