Tambayoyi da amsoshi kan sharhin fim ɗin laifi mai nuna illar yaƙi ga soja da iyalinsa

Matasan Katsina da ke zuwa wajen masu tura fim a waya sun saba da fina-finan yaƙi masu yawan harbe-harbe, amma akwai wani nau'in da labarinsa yake farawa bayan an ajiye bindiga, kuma sharhinsa ya fi wuya.

Wane irin fim ne wannan?

Fim ne da ake ginawa kan binciken kisan kai ko ɓacewar mutum, inda mamacin ko wanda ake zargi soja ne da bai daɗe da dawowa daga fagen fama ba. Ɗan sanda ko wani ɗan'uwa ne yake bin sawu, kuma binciken yakan ƙare da tono abin da ya faru a filin daga. Amurkawa sun yi irinsa bayan yaƙin Biyetnam, da kuma bayan mamayar Iraƙi ta 2003, wadda ta ci rayukan sojojinsu kusan 4,500.

Me mai sharhi ya kamata ya fi zuba wa ido?

A ganina cikin gida ya kamata ya duba, domin gano wanda ya yi kisan dabara ce kawai ta riƙe mai kallo a kan kujera. Sai ya lura ko daraktan ya nuna sojan da ba ya zama sai yana fuskantar ƙofa, wanda ƙarar fashewar tayar babur take sa shi kwanciya rub da ciki a gaban 'ya'yansa, da matar da ta daina taɓa shi idan za ta tashe shi daga barci, sai dai ta tsaya daga bakin ƙofa ta kira shi. Fim ɗin da ya iya nuna wannan ba tare da dogon jawabi ko kiɗan tausayi ba ya cancanci yabo, ko da binciken nasa yana da rauni.

Shin da gaske yaƙi yana mayar da soja mai laifi?

Nan ne fina-finai da yawa suke yin zalunci. Ciwon firgici da ke biyo bayan mummunan tashin hankali, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da PTSD, ya shiga kundin ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka a 1980, kuma alamominsa sun haɗa da munanan mafarkai, saurin razana, saurin fushi da gudun duk abin da zai tuna wa mutum abin da ya gani. Sai dai mafi yawan sojoji ba sa kamuwa da shi, kuma mafi yawan masu fama da shi ba sa cutar da kowa. Darakta da ya mayar da kowane tsohon soja mahaukaci mai jiran ranar kisa ya ƙara wa mazan jiya ƙyama a unguwa, kuma wajibi ne mai sharhi ya faɗi haka ƙarara.

Me ya haɗa mai kallo a Katsina da labarin sojan wata ƙasa?

Kakanninmu sun je yaƙin Bama lokacin yaƙin duniya na biyu, iyayenmu sun ga yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, wanda a tsakiyarsa Hassan Usman Katsina ya zama babban hafsan sojojin ƙasa, sannan aka tura dakaru Laberiya a 1990, ga rikicin Boko Haram tun 2009, ga kuma artabu da 'yan bindiga a dazukan Jibiya da Batsari. Sai dai namu ciwon yana da fuskar da fim ɗin waje ba ya nunawa. Matar da aka kawo mata labarin rasuwa za ta yi takabar wata huɗu da kwana goma, ta shiga zirga-zirgar neman haƙƙin mijinta, amma wadda aka ce mijinta ya ɓace a daji, babu gawa babu labari, ba ta san ko ita matar aure ce ko mai takaba ba.

Wane giɓi aka fi samu a irin waɗannan fina-finai?

Mutanen ƙasar da aka yi yaƙin a cikinta. Sau da yawa ba a ba su ko suna, sai dai a hango su cikin mafarkin sojan, alhali su ne suka fi yawan mamata.

Ya dace mai sharhi ya bayyana ƙarshen labarin?

Bai dace ba, sai dai idan hukuncinsa ya rataya a kan ƙarshen, kuma a nan ma ya gargaɗi mai karatu tun daga farko. Ya kuma ambaci ko akwai wuraren nuna gawa ko azabtarwa, saboda gidajen da ake kallo tare da yara.