Adana tarihin Ikilisiyar Lutheran a Gombe da Bauchi

Adana tarihin Ikilisiyar Lutheran a Gombe da Bauchi aiki ne na tattara rijistoci, wasiƙu, hotuna, waƙoƙi da labaran baka na mabiya wannan ɗarika a jihohin biyu, da kula da su, da kuma isar da su ga jama'a. Ikilisiyar da ake nufi ita ce Lutheran Church of Christ in Nigeria, wadda aka fi sani da LCCN, mai hedikwata a Numan ta jihar Adamawa. Akwai wata ikilisiyar Lutheran dabam a Najeriya, wadda ta kafu a 1936 a yankin Uyo ta hannun 'yan mishan na Amurka, amma asalinsu ba ɗaya ba ne.

Asalin ɗarikar

Sunan ya samo asali ne daga Martin Luther, malamin addini Bajamushe da ya fitar da batutuwa 95 a Wittenberg a 1517 yana ƙalubalantar wasu ayyukan cocin Roma. Ƙaramin Katikisim ɗinsa na 1529 da Shaidar Bangaskiya ta Augsburg ta 1530 suna cikin tushen koyarwar ɗarikar har yau.

A Arewacin Najeriya kuwa, aikin ya fara ne da reshen Denmak na ƙungiyar mishan ta Sudan United Mission (SUM). Likita Niels Brønnum ya isa Numan a watan Oktoba na 1913, bayan matarsa Margaret ta rasu a hanya, a Rumasha. Daga ƙasar Bachama aikin ya bazu zuwa ƙabilun Lunguda, Kanakuru, Mbula, Kilba, Yungur da Chamba. A 1948 aka naɗa fastoci biyar na farko 'yan ƙasa. Ikilisiyar tana cikin waɗanda suka kafa Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Sudan (TEKAS) a 1955, wadda daga baya ta zama Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Najeriya (TEKAN), ta kuma shiga Tarayyar Lutheran ta Duniya a 1961. Akila Todi ya zama bishop na farko a 1973. Bayansa David Windibiziri, sai Nemuel Babba, sai Musa Panti Filibus, wanda a 2017 aka zaɓe shi shugaban Tarayyar Lutheran ta Duniya a taron Windhoek na Namibiya, ya riƙe muƙamin har 2023.

Yadda ta iso Gombe da Bauchi

Nan ne tarihin ya sha bamban da na Adamawa. A zamanin mulkin mallaka, Turawa sun taƙaita wa'azin mishan a cikin masarautun Musulunci, su kuma ƙungiyoyin mishan sun raba yankuna a tsakaninsu don kada su yi ta karo. Ƙasar Tangale da Waja ta faɗa hannun ƙungiyar mishan ta Sudan Interior Mission (SIM), wadda ta buɗe tasha a Kaltungo a 1917, shi ya sa ECWA, ikilisiyar da ta fito daga aikin SIM, ita ce ta fi ƙarfi a kudancin Gombe. Rabon 'yan Denmak ya tsaya ne can wajen Numan, inda kogin Gongola ke haɗuwa da Binuwai.

Saboda haka, ba da farin tanti da Bature ɗarikar ta shigo biranen Gombe da Bauchi ba. Mutane ne suka zo da ita a ka: malaman makaranta, 'yan sanda, sojoji, ma'aikatan jinya, ɗalibai da 'yan kasuwa daga Numan, Guyuk, Shelleng da Hong, waɗanda aiki ko karatu ya kawo su ta hanyar da ta ratsa Cham, Kaltungo, Billiri da Kumo. Ƙirƙirar jihar Bauchi a 1976, da cire Gombe daga cikinta a 1996, sun ƙara yawan ma'aikata a biranen biyu. Ga kuma dangantakar jini: Lunguda suna zaune a ɓangarori biyu na iyaka, Guyuk a Adamawa da Balanga a Gombe, Guyuk kuwa tsohuwar cibiyar Lutheran ce.

Majami'ar da ta fara haka, a zauren wani ko a ajin makaranta da aka ara ranar Lahadi, ba ta da ɗan mishan mai rubuta rahoton wata-wata. Sau da yawa ba a buɗe rijista sai an samu fasto, lokacin kuwa waɗanda suka fara taron an riga an yi wa wasunsu canjin wurin aiki. Shi ya sa shekarun farko na irin waɗannan majami'u suka fi kowane sashe na tarihin saurin ɓacewa.

Inda tarihin yake

Kashi mafi tsufa yana Turai. Wasiƙun 'yan mishan, rahotanninsu da hotunansu sun koma Denmak, yawancinsu kuma da harshen Danish aka rubuta su, harshen da ba kasafai ake samun mai karanta shi a Najeriya ba. Ƙungiyar da ta aiko su tana nan har yanzu da sunan Mission Afrika. Littafin Margaret Nissen na 1968, An African Church is Born, yana cikin na farko da suka ba da labarin da Turanci. Waɗannan rubuce-rubuce suna da daraja, sai dai da idon baƙo aka yi su: sunan likita da na malamar asibiti suna fitowa ɓaro-ɓaro, mai bishara da ya taka ƙauyuka da ƙafa kuwa wani lokaci layi ɗaya yake samu. Takardun gwamnatin mallaka kan izinin buɗe makaranta da filin mishan suna Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna. Kundayen bincike na ɗalibai a makarantar tauhidi ta Brønnum da ke Mbamba, Yola, da kwalejin tauhidi ta TCNN da ke Bukuru, su ma taska ce da ba a cika buɗewa ba.

Kashi na biyu yana cikin kabad ɗin ofishin fasto da akwatin sakatare, da Hausa: rijistar baftisma, ta aure da ta rasuwa, littafin baiko (kuɗin da masu ibada ke bayarwa), da bayanan zaman majalisar dattawa. Hausa ce harshen da ya haɗa Bachama da Kilba da Lunguda a benci ɗaya, musamman bayan fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932. Shafi guda na rijistar baftisma yana nuna sunan yanka da sunan da aka ɗauka, garin iyaye, sunan faston da ya sa hannu, da ranar. Idan aka jera shafukan shekara goma, za a ga daga waɗanne garuruwa jama'ar suka zo da lokacin da aka fara haifar 'ya'yansu a Gombe ko Bauchi. Littafin baiko ma, duk da ana raina shi, shi ke faɗin shekarar da aka sayi kwano aka sauke jinka.

Na uku ba a takarda yake ba. Yana bakin dattawa da 'yan Zumuntar Mata, waɗanda waƙoƙinsu kan ambaci wanda ya kawo bishara gari da wahalar da aka sha. Sunayen dayosis (yankin da bishop ke kula da shi) irin su Todi da Shall Holma su ma hanyar tunawa ce da shugabannin farko.

Abin da ke cinye shi

Gara ce kan gaba, sai yoyon damina, ɓera da ƙurar hunturu. Canjin wurin aiki yana da nasa: fasto ya tashi, kwalin takardu ya bi kayansa bisa kuskure. Rikice-rikicen da aka yi a yankin, kamar na Bauchi a 1991 da na bayan zaɓen 2011, sun haɗa da ƙona wuraren ibada, rijistar da ke da kwafi ɗaya tak kuwa ba ta da magaji.

Maganin ba mai tsada ba ne. Ana ɗora littattafai a kan kantar ƙarfe nesa da bango da ƙasa, a cire ƙusar sitefila da ke tsatsa, a guji liƙa salatif a shafin da ya yage. Ana ɗaukar hoton kowane shafi da waya a hasken rana, a sa wa fayil suna da shekara, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. Tsohon hoto kuma a rubuta sunayen mutanen ciki da fensir a bayansa tun mai gane su yana raye. Hira da dattijo ta fi armashi da harshensa na gida, a fassara daga baya.

Yaɗawa

Bikin cika shekara 100 a 2013 ya farfaɗo da sha'awar tarihin, haka ma Ranar Gyaran Ikilisiya ta 31 ga Oktoba da bukukuwan cikar shekaru na majami'u, inda ake buga ɗan littafi a karanta sunayen waɗanda suka kafa su. Yanzu tsofaffin hotuna suna yawo a Facebook da WhatsApp, amma yawanci babu suna babu shekara, kuma waya in ta faɗa ruwa ta tafi da su. Kundin intanet na Dictionary of African Christian Biography yana karɓar tarihin rayuwar shugabannin ikilisiya na Afirka, har da na Arewacin Najeriya.

Ba duk abin da aka adana ake bazawa ba. Bayanan majalisar dattawa suna ɗauke da sunayen waɗanda aka sa a horo da shari'o'in aure, jikokinsu kuma suna zaune a majami'ar. Irin waɗannan shafuka ana ɗaukar hotonsu a kulle, mai bincike ya nemi izinin majalisa kafin ya duba, ya kuma sakaya sunaye idan zai buga.