Ansel Adams da hotunansa baƙi da fari: amsar tambayoyin da ake ta maimaita mini

Wane ne shi?

Ba'amurke mai ɗaukar hoton duwatsu da koguna. An haife shi a San Francisco a 1902, ya rasu a 1984. Kwarin Yosemite na Kalifoniya ya fi ɗauka.

Babu kala ne a zamaninsa?

Akwai, har ya ɗauki wasu masu kala. Baƙi da fari ya fi so don da hannunsa yake juya shi wajen wanki. Don Allah a huta da wannan tambayar.

Na duba, dutse kawai na gani.

A waya ka duba, ka yi sakan biyu ka wuce, ina za ka gani? Shi da wani mai ɗaukar hoto, Fred Archer, sun kasa haske kashi 11, daga baƙi ƙirin zuwa fari fat. Buɗe hotonsa na kogin Snake da duwatsun Teton na 1942 a babban allo. Leƙa cikin inuwar bishiyoyi, za ka tarar duhun bai haɗiye su ba. Bi kogin da ido har ya kai ka gindin dutse. Kada ka damu in ba ka kama ba yau, ido ma koyo yake.

In na ɗauka da waya na cire kalar, zai yi kamar nasa?

To, nan sai a hankali. Zai iya yin kyau, amma da wuya ya kai, kuma ba wayar kaɗai ke da laifi ba. Adams kyamarar ƙafa yake ɗauka, fim ɗinta inci 8 da 10, shi ya sa tsagar dutse ke fitowa ɗaya bayan ɗaya. Wannan kam, waya ba ta da shi. Abin da za ka iya kwaikwaya shi ne ka hango hoton a zuciya kafin ka danna. A 1927, da zai ɗauki dutsen Half Dome na Yosemite, jan gilashi ya sa a bakin kyamara don shuɗin sama ya koma kusan baƙi, dutsen ya fito. A waya ana samun kusa da haka in ka rage hasken shuɗi wajen gyara, sai dai in ka matsa da yawa saman kan yi tsaki-tsaki. Lokaci ma na da nasa. Je ka Dutsen Zuma da hazo, komai zai fito toka-toka, sai in lumshin kake nema, wanda shi ma wani lokaci yana da kyau. Ni dai na fi ba da shawarar damina, bayan ruwa ya ɗauke, hadari na watsewa, da sassafe ko bayan la'asar.

Gyara wajen wanki ba algus ba ne?

A'a! Hotonsa na fitowar wata a ƙauyen Hernandez da ke jihar New Mexico ta Amurka, na 1941, ya wanke shi fiye da sau dubu, na baya sun fi na farko duhun sama, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. Kaburburan da rana ta haska da watan duk suna wurin da yammacin da ya tsaya a bakin titi ya ɗauka.