Buɗaɗɗen lissafi a kwangilar gwamnati: me ake nufi da shi?

Idan gwamnati ta ɗauki wani aikin da ke wuyanta, kamar kwashe shara, ciyar da fursunoni ko gyaran hanyoyi, ta miƙa wa kamfani mai zaman kansa, adadi ɗaya ake sanar da jama'a: an ba kamfani kaza kwangila a kan kuɗi kaza. Wannan farashi ne. Abin da ba kasafai ake faɗa ba shi ne nawa aikin yake ci a hannun kamfanin. Buɗaɗɗen lissafi sharaɗi ne da ake sakawa a cikin yarjejeniya, wanda ke wajabta wa ɗan kwangila ya nuna wa gwamnati littattafansa, ta ga abin da ya kashe, da inda ya kashe shi, da abin da ya saura a aljihunsa.

A ce an ba kamfani kwangilar tsabtace wani babban asibiti. A rufaffen lissafi, duk wata takarda ɗaya kamfanin ke aikowa, mai layi ɗaya: kuɗin tsabtacewa na wannan wata. A buɗaɗɗe kuwa, sai an fayyace. Leburori nawa aka ɗauka, awa nawa kowa ya yi, nawa aka biya su. Nawa aka kashe a sabulu da maganin ƙwayoyin cuta. Injin goge daɓe saye aka yi ko haya, kuma daga wa. Kaso nawa aka cire da sunan hidimar babban ofishin kamfanin. Sannan riba. Ta nan jami'in gwamnati zai gane cewa yarjejeniya ta ce ma'aikata kaza za su kwana a bakin aiki, amma takardar albashi ta nuna rabinsu kawai ake biya.

Lokacin da ma'aikatan gwamnati ke yin aikin da kansu, waɗannan alƙaluma suna cikin kasafin kuɗi. Mai binciken kuɗi yana iya bin su, majalisa tana iya kiran shugaban ma'aikata ta titsiye shi. Da zarar aikin ya koma hannun kamfani, kuɗin na jama'a ne har yanzu, amma bayanan sun zama na kamfani. A Birtaniya, dokar 'yancin samun bayanai ta 2000 hukumomin gwamnati ta ɗaure, ba kamfanonin da suke wa gwamnati aiki ba. Ko hukumar aka tambaya, tana da damar fakewa da cewa wannan sirrin kasuwanci ne.

Hujjar sirrin kasuwanci ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Lokacin da kamfanoni ke gasar neman kwangila, babu adalci a nuna wa ɗaya lissafin ɗaya. Amma bayan an sa hannu, an fara biya daga baitulmali shekara da shekaru, hujjar ta yi rauni. A ganina, sau da yawa ba kamfanin kaɗai take rufa wa asiri ba, har da jami'an da suka yi cinikin biri a sama kuma ba sa so a gane.

Abin da ya faru a Ingila da Wales kan na'urar da ake ɗaura wa masu laifi a ƙafa don bin sawunsu ya nuna inda gizo ke saƙa. A 2013 aka gano cewa kamfanonin Serco da G4S sun yi ta cajin gwamnati kuɗin sa ido a kan mutanen da tuni suka koma kurkuku, ko suka bar ƙasar, wasu ma sun rasu. Serco ya mayar da fam miliyan 68.5, G4S kuma kusan fam miliyan 109. Amma abin da ya fi dacewa da batunmu ya fito ne daga baya. A 2019 wani reshen Serco mai suna Serco Geografix ya amince da biyan tarar fam miliyan 19.2, saboda an yi amfani da shi wajen ɓoye wa Ma'aikatar Shari'a ainihin ribar da ake ci a kwangilar. Dabarar tsohuwa ce, kuma duk mai duba irin waɗannan littattafai ya kamata ya san ta: kamfani ya sayi kaya ko hidima daga reshensa a kan farashi mai kumburi, sai littafin da ya nuna wa gwamnati ya ce ribarsa kaɗan ce, alhali ragowar ta bi ta ƙofar baya ta koma gida. Shi ya sa sharaɗin da ya tsaya a kan babban ɗan kwangila kawai, bai gangara zuwa rassansa da ƙananan 'yan kwangilar da yake ba aiki ba, rabin buɗewa ne.

Ba tsada kaɗai ake gudu ba. Araha ma tana da nata haɗarin. Kamfanin Carillion, wanda ke riƙe da kwangilolin gwamnatin Birtaniya kusan 420, ya durƙushe a watan Janairun 2018 da bashin da ya kusa fam biliyan 7, alhali tsabar kuɗin da ke hannunsa fam miliyan 29 ce. Ya daɗe yana karɓar ayyuka a farashin da da ƙyar yake fitar da riba, don dai kuɗi su ci gaba da shigowa. Da ya faɗi, ginin manyan asibitoci biyu ya tsaya cak. Na Liverpool, wanda aka so buɗewa a 2017, sai 2022 ya fara karɓar marasa lafiya. Gwamnatin da ke ganin littattafan ɗan kwangilarta tana iya hango irin wannan faɗuwa tun tana nesa, ta nemi mafita kafin aiki ya tsaya.

Lamarin ya fi muni a kwangiloli masu dogon zango. Tsarin PFI da Birtaniya ta fara a 1992 ya ba kamfanoni damar gina makarantu da asibitoci da kuɗinsu, gwamnati tana biya a hankali tsawon shekaru 25 zuwa 30. A 2018 ofishin binciken kuɗi na ƙasar ya ce akwai irin waɗannan yarjejeniyoyi sama da 700, darajar gine-ginen kusan fam biliyan 60, amma kuɗin da ya rage a biya ya kai fam biliyan 199. A shekarar aka daina ƙulla sababbi. A Amurka kuma, birnin Chicago ya bayar da hayar mitocin ajiye motoci na shekara 75 a 2008 a kan dala biliyan 1.15, majalisar birnin ta amince cikin 'yan kwanaki. Shekara na zagayowa, babban sufeton birnin ya ƙiyasta cewa an yi asarar kusan dala biliyan ɗaya a cinikin. Har yau, idan birnin ya rufe titi ya hana mitocin aiki, yana iya zama sai ya biya kamfanin diyya.

Buɗewa hawa biyu ce, kuma ana yawan cakuɗa su. Akwai buɗe wa gwamnati, irin abin da dokar Amurka ta 1962 ta tanada, cewa a manyan kwangilolin da ba a yi gasa ba, kamfani ya kawo bayanan kuɗinsa ya kuma tabbatar cewa daidai suke. Akwai kuma buɗe wa kowa da kowa. Yukiren ta ɗauki wannan hanya da manhajar ProZorro, wadda ta zama dole ga hukumomi a 2016, inda kowa zai iya shiga intanet ya ga wa ya nemi kwangila, nawa ya taya, wa ya ci. Sai dai wannan farashi yake nunawa, ba abin da ke cikin cikin farashin ba. Ƙasa tana iya samun ɗaya ta rasa ɗaya.

Sharaɗin kuma ba ya aiki da kansa. Kamfani yana iya aiko da dubban shafuka duk wata, ya cika alƙawari, idan ma'aikatar ba ta da akanta ƙwararre da zai zauna ya karanta, sai dai su tara ƙura. Idan kuma aka tsara biya a kan abin da kamfani ya kashe haɗe da kaso na riba, to an ba shi dalilin kashe kuɗi da yawa, tunda ribarsa tare take hawa da kashe-kashen. Maganin da aka fi bi shi ne a tsayar da adadin da ake sa ran aikin zai ci tun farko: in an kashe ƙasa da haka a raba rarar, in an zarce a raba asarar. Ga ƙaramar kwangilar da akwai masu sayarwa birjik a kasuwa, kamar sayen takarda da biro, wahalar ta fi amfanin, gasa ta wadatar. Inda sharaɗin ya zama dole shi ne aikin da kamfanoni biyu ko uku kawai ke iya yi, kamar gudanar da kurkuku ko bin sawun masu laifi, wanda gwamnati ba za ta iya dakatar da shi ko na kwana ɗaya ba don ta nemi wani.