Tsara Kanti da Baje Haja

Tsara kanti da baje haja sana'a ce ta shirya wurin sayarwa da jera kayan cikinsa, yadda mai saye zai gan su, hannunsa ya kai gare su, ya kuma san kuɗinsu ba sai ya nemi wanda zai tambaya ba. Aikin ya ƙunshi tagar gilashi mai fuskantar titi, da hanyoyin cikin kanti, da kantoci da tebura, da haske da launi, da allunan rubutu, har da sauti. Da yawa suna ɗaukarsa ado ne kawai. Masu sana'ar kuwa da ciniki suke auna shi: kwalliyar da ta burge ido amma ba ta sa an miƙa hannu an ɗauki kaya ba, a wurinsu asarar fili ce.

Asali

Har cikin ƙarni na 19, yawancin kantunan Turai da Amurka a bayan kanta suke ajiye kaya, cikin akwatuna da durowa. Mai saye ya faɗi abin da ya kawo shi, a ɗauko masa, a yi ciniki. Da manyan gilasai suka wadata, sai taga ta zama wurin nuna haja ga masu wucewa. A Paris, Aristide Boucicaut ya shiga kantin Le Bon Marché a 1852, ya tsayar da farashi a rubuce, ya bar kowa ya shigo ya duba ko da ba zai saya ba. Harry Gordon Selfridge, wanda ya koyi aikin a kantin Marshall Field na Chicago, ya buɗe nasa a Landan a 1909, yana barin fitilun tagoginsa a kunne bayan an rufe kanti.

Babban juyin ya zo a 1916, sa'ad da Clarence Saunders ya buɗe kantin Piggly Wiggly a Memphis ta Amurka, inda mai saye ke ɗaukar kwando ya zaɓi kaya da kansa. Tun daga nan mai kanti ya fita daga tsakanin haja da mai saye, nauyin bayani da rarrashi ya koma kan yadda aka jera kayan. Keken sayayya da Sylvan Goldman ya fito da shi a 1937 ya ƙara tilasta faɗaɗa hanyoyi.

Shimfiɗar kanti

Tsarin layi-layi shi ne na manyan kantunan kayan masarufi da na magunguna: dogayen kantoci a jere, hanya miƙaƙƙiya tsakaninsu. Yana ɗaukar kaya da yawa a ƙaramin fili, kuma yana da sauƙin cikawa da ƙidaya. Aibinsa shi ne wanda ya san abin da ya zo nema zai nufi layinsa ya fita, bai ga sauran ba. Shi ya sa ake kai kayan da kowa ke buƙata can ƙurya, don hanyar zuwa gare su ta ratsa ta gaban wasu.

Tsarin zagaye yana da babbar hanya ɗaya da ke kewaya kanti ta dawo wurin biyan kuɗi. IKEA, kamfanin sayar da kayan ɗaki, ta yi suna da irinsa mai tsanani, wanda ke bi da mutum ta kusan kowane sashe. Idan ba a buɗe 'yar hanyar yanke ba, mai gaggawa yakan fusata. Akwai kuma sakakken tsari na kantunan tufafi da kayan ado, inda tebura da maratayai ke warwatse ba layi. Yana sa a yi ta yawo ana dubawa, sai dai yana cin fili, kuma in ba a kula ba ya zama hargitsi.

Faɗin hanya ba abin rowa ba ne. Ƙa'idojin dokar Amurka ta masu buƙata ta musamman, wadda aka kafa a 1990, sun sa mafi ƙarancin faɗin hanya ya zama inci 36, wato kusan santimita 91, wurin juya keken guragu kuma inci 60, kusan mita ɗaya da rabi. Wannan iyakar ƙasa ce. Inda kekunan sayayya biyu za su gitta juna ana buƙatar fiye da haka. Mai binciken halayen masu saye Paco Underhill ya lura cewa wanda ya tsaya yana duba kaya, aka goge shi ta baya sau ɗaya ko biyu, yakan ajiye kayan ya wuce. Kanta ɗaya da aka cusa don ƙarin haja tana iya kashe cinikin layi gaba ɗaya.

Bakin ƙofa

Mita biyu zuwa huɗu na farko bayan ƙofa kusan mataccen fili ne. Wanda ya shigo yana rage sauri, idonsa na sabawa da hasken ciki, yana neman inda zai nufa. Allon sanarwa ko tarin kwanduna da aka ajiye a nan ba a cika ganinsu ba. Ana barin wurin a sarari, sai a ƙarshensa a kafa teburin farko mai ɗauke da sabon kaya ko na yayi. Ana yawan cewa masu saye dama suke juyawa in sun shiga. Yakan faru, amma wurin ƙofa da wurin biyan kuɗi da inda haske ya fi ƙarfi suna iya sauya shi, don haka gara a tsaya a kalli mutane na kwana biyu kafin a kafa kanta a kan zato.

Kanta da hawa-hawanta

A nan yawancin aikin yake. Hawan da ya yi daidai da ido, kimanin mita 1.2 zuwa 1.6 daga ƙasa, shi ya fi ciniki, kuma a nan ake sa kayan da suka fi riba. Daga kugu zuwa ƙirji hannu ya fi sauƙin kaiwa. Hawan ƙasa na kaya masu nauyi ne da manyan mazubai, don sauƙin ɗauka da kuma don kantar ta zauna da gindinta; kanta mai nauyi a sama tana iya kifewa, doguwa kuwa dole a ɗaure ta da bango. Kayan yara ana sauko da su daidai idon yara.

Manyan kantuna suna aiki da taswirar kanta, zanen da ke nuna gurbin kowane kaya, da hawansa, da yawan fuskokinsa. Fuska ita ce guda nawa na kaya iri ɗaya ke kallon mai saye a sahun gaba. Lissafinta ba wuya. A ce ana sayar da sabulu iri ɗaya guda 30 a rana, zurfin kanta yana ɗaukar 10 a jere ɗaya, ana kuma cika kanta sau ɗaya a rana: fuska uku ke nan aƙalla, ta huɗu don ranar cunkoso. In aka ba shi ɗaya, kafin tsakar rana gurbin ya zama rami, ma'aikaci ya ja na kusa ya rufe ramin, takardar farashi ta daina dacewa da abin da ke samanta, rigima ta tashi a gaban kashiya. Daga wannan ƙaramin sakaci taswira take fara rushewa.

Jera iri ɗaya daga sama zuwa ƙasa ya fi jera shi a kwance, domin mai tafiya a layi yana wuce iri-iri da ƙafarsa, in ya tsaya kuma ido ya hau ya sauka ya ga girma-girman abu guda. Sabon kaya baya ake turawa, tsoho ya matso gaba, musamman mai ranar lalacewa. Goshin kanta, wato ƙarshenta mai fuskantar babbar hanya, wuri ne mai daraja da kowa ke gani ko bai shiga layi ba. Kaya ɗaya ko biyu ake tarawa a can da farashi ɓaro-ɓaro, a sauya su bayan mako biyu ko makamancin haka. In ya daɗe ido ya daina ganinsa. Akan kuma haɗa abubuwan da ake amfani da su tare, kamar fenti da buroshi, ko tocila da batir.

Tufafi suna da nasu hukunci. Rataya ta gefe tana ɗaukar kaya da yawa amma kafaɗa kaɗai ake gani. Rataya ta fuska tana nuna rigar duka amma tana cin wuri, don haka ake gauraya su. Girma yana tafiya daga ƙarami zuwa babba, ƙugiyoyin hanga duk su kalli gefe ɗaya. Abin da aka sa wa mutum-mutumi ya kasance yana rataye kusa da shi, kuma akwai shi a kowane girma, in ba haka ba an tallata abin da babu.

Haske

Haske hawa biyu ne: na gama-gari da na nuni. Ƙa'idar Turai ta hasken wuraren aiki ta ba da lus (ma'aunin ƙarfin haske) 300 ga filin sayarwa, 500 ga wurin biyan kuɗi. Fitilar nuni kan ninka hasken kewaye sau uku zuwa biyar kafin ido ya bambance abin da aka haska. Inda aka haska komai daidai wa daida, ba abin da ya fito. Ana karkata fitilar kamar digiri 30 daga tsaye; in ta miƙe sosai inuwar hawan sama ta rufe na ƙasa, in ta kwanta ta doki idon mai saye.

Launin haske da kelbin ake aunawa. Na 2700 zuwa 3000 ja-ja ne mai ɗumi, ya dace da katako da fata da zinariya. Na 4000 fari ne, ya fi karɓar kayan lantarki da azurfa. Ga tufafi da kayan shafa ana neman fitilar da makinta na fito da ainihin launi ya kai 90 cikin 100. In ya gaza, rigar da aka gani baƙa a kanti ta zama shuɗiya a rana, a dawo da ita. A ɗakin gwada kaya, fitila ɗaya tsaye a ka tana zuba inuwa a ƙarƙashin ido da haɓa. Daga gefunan madubi ya kamata haske ya fito.

Taga da alluna

Mai wucewa daƙiƙu kaɗan yake ba taga, saboda haka magana ɗaya take yi: abu guda a tsakiya daidai ido, sauran su rufa masa baya. Jeri mai siffar dala da rukunin abubuwa uku ko biyar sun fi zama a ido. Abin da sababbin shiga kan manta shi ne taga ta fi buƙatar fitila da rana fiye da dare, domin in waje ya fi ciki haske gilashi ya koma madubi, mai wucewa kansa yake gani. Rana kuma tana koɗar da launi, kayan da suka daɗe a taga sai an karya musu farashi.

Allo gajere ake so. A ƙiyasin masu aikin, tsawon harafi santimita biyu da rabi ga kowace tazarar mita uku. Takardar farashi a gefe ɗaya take zama a duk kantin, ƙarƙashin kayanta. Alluna goma masu cewa rangwame a layi ɗaya suna kashe juna. Sauti ma yana da tasiri: binciken Ronald Milliman na 1982 a wani babban kanti a Amurka ya nuna kiɗa mai tafiya a hankali yana rage saurin tafiyar masu saye, ciniki kuma ya ƙaru.

Aunawa

Ana duba cinikin kowace murabba'in mita, da kason waɗanda suka saya cikin waɗanda suka shigo, da yawan kaya a kwando ɗaya. Wanda zai gwada sabon jeri ya sauya abu ɗaya kaɗai, ya kwatanta makonni masu kama da juna. In ya matsar da kaya ya kuma rage farashi a rana guda, ko ya kwatanta makon biki da makon da ba komai, ba zai san wanne ya motsa cinikin ba.